Zaman limamai da fastoci, yana da amfani kuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni tela ne a kartiye Zariya nan Maradi, maƙwabcina Kirista ne, shekara da shekaru muna musayar nama da sallah da kirsimati. An gayyace ni zaman tattaunawa tsakanin limamai da fastoci, abokaina suka ce ɓata lokaci ne. Shin in je?

Amsa: Ɗan'uwa, je ka abinka. Kai da ke Zariya ai ka ga abin da ya faru a watan Yunin 2019 da aka cinna wa coci wuta bayan kama wani malami, ga na Damagaram da Yamai a Janairun 2015, wallahi duk wanda ya ga hayaƙin nan ba zai ce zama ɓata lokaci ba ne. Ba a je don wani ya bar addininsa ba fa, ana zama ne don ranar da jita-jita ta taso liman ya san lambar fasto, ya buga masa waya kafin samari su fito titi. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye da can abokan gaba ne, Wuye har hannu ya rasa a rikicin 1992, yanzu tare suke yawon sasanta mutane. Ka tafi da maƙwabcin naka, ku zauna tabarma ɗaya.