Filin Tambayoyinku: Ƙidayata na ɓacewa a waƙoƙin Led Zeppelin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne, kusan shekara ɗaya kenan ina koyon jita da kaina a waya, kuma yawancin waƙoƙin da nake bi in na ƙirga ɗaya biyu uku huɗu komai hawa yake daidai. To kwanaki abokina ya turo min waƙoƙin Led Zeppelin, wata tsohuwar ƙungiyar makaɗan Ingila, akwai wata wai ita Kashmir, wlh na saurare ta ya fi sau ashirin, in na bi ganga sai jita ta tsere min, in na koma kan jita sai ganga ta bar ni a hanya. Na duba intanet wasu sun rubuta 4/4 wasu 3/4, wanne ne gaskiya? Kuma su waɗannan lambobin ma me suke nufi? Daga mai karatunku a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kunnenka lafiyarsa ƙalau, abin da ka ji ɗin shi ne ainihin abin da ke cikin waƙar, kuma na ji daɗi da ka lura don mutane da yawa shekaru suke yi suna jin ta ba su taɓa gane abu biyu ne ke tafiya a lokaci guda ba.

Mu fara da lambobin tukuna. Ta sama tana gaya maka bugu nawa ne a gaɓa ɗaya kafin a dawo kan "ɗaya", ta ƙasa kuma tana nuna irin bugun da ake ƙirgawa, 4 shi ne bugu cikakke irin wanda kake takawa da ƙafa, 8 kuma rabinsa ne. Shi ke nan fa. Kar ta ƙasan ta dame ka yanzu, ta saman ita ce kunne ke kamawa.

To Kashmir. Ta fito a faifansu Physical Graffiti na 1975, ta haura minti takwas. Mai gangarsu John Bonham huɗu huɗu yake bugawa, a miƙe, a nutse, kamar mai tafiya da kaya a ka, babbar ganga ta ƙafa a ɗaya da uku, ƙaramar mai ƙara tas a biyu da huɗu. Shi kuma Jimmy Page zubin jitarsa uku uku yake tafiya, da-da-dam ya ɗan numfasa da-da-dam ya numfasa, bugu uku sun cika sai sautin ya ɗaga sama kaɗan, ya sake haka har sau huɗu. Yi lissafi da kanka, uku sau huɗu 12, huɗu sau uku ma 12. Wato sai bayan bugu 12 jita da ganga suke haɗuwa a kan "ɗaya" guda, daga nan su sake rabuwa kowa ya kama hanyarsa. Shi ya sa wanda ya rubuta 3/4 bai yi ƙarya ba, jita ya bi, wanda ya rubuta 4/4 shi ma gaskiyarsa, ganga ya bi. Ni dai in ka tambaye ni ganga zan bi, don ita ce ƙasan da kowa ya taka, kuma in waƙar ta shiga wasu sassan za ka ji jita ta dawo ta hau huɗun nan ita ma, gangar kuwa ba ta sake hali ba tun farko.

Yadda za ka yi shi ne ka ajiye jitar gefe tukuna, da gaske nake, ajiye ta. Sa iyafis, ka zauna, ƙafarka ta riƙa taka huɗun Bonham har sai ta saba ba ka ma tunaninta, wannan zai iya cin kwana biyu ko uku kar ka yi gaggawa. Sai ka fara ƙirgawa da baki daga 1 zuwa 12 a kan takun nan, ka yi tafi a 1, 4, 7 da 10, nan ne duk inda sautin jitar ke canzawa. Ranar da ƙafa da hannu suka yi nasu daban daban ba tare da ɗaya ya ja ɗaya ba, ranar ka ɗauki jita. In ta yi maka sauri YouTube na da wajen rage gudu, sa ta a 0.75.

Kuma fa wannan abu ba baƙo ba ne a kunnenmu, in ka taɓa tsayawa gaban masu kalangu a gidan biki ka ji mata na tafi a nasu lissafin makaɗi na zuba nasa a kai amma duk a haɗe, to ka riga ka san shi a jiki, takarda ce kawai ba a rubuta maka ba. Wani abin ma, shi mawaƙin Robert Plant ba a Kashmir ya samo baitocin ba, tafiyar mota ce ya yi a kudancin Maroko bakin hamada a 1973, doguwar hanyar nan da ba ta ƙarewa ita ta zauna masa a rai, ni kuwa duk sanda na ji gangar nan hanyar nake gani.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni kibod nake kaɗawa, yayana ne ya saba min da tsofaffin waƙoƙin Turawa. A The Ocean ta Led Zeppelin kullum sai in ji kamar faifan ya yi tsalle, kamar an sace wani abu a ƙarshen zubin, matsalar wayata ce ko haka take? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Haka take ƙanwata, wayarki ba ta da laifi, kuma kalmar da kika zaɓa ta yi daidai, an sace rabin bugu ne da gangan. Waƙar tana faifan Houses of the Holy na 1973, a farkonta ma za ki ji muryar Bonham yana ƙirga musu shiga. Zubin jitar gaɓa biyu ne, ta farko 4/4 ta biyu 7/8. Kada ki ƙirga da bugu cikakke a nan don zai rikita ki, ki ƙirga da rabi rabi da sauri, 1 zuwa 8, sannan 1 zuwa 7, ki koma ɗaya nan take ba jira, jimla 15 a inda kunne ya saba jin 16. Wannan gurbin na 16 ɗin da babu shi, shi ne tsallen da kike ji. Wata dabara, kalmar bakwai tana da nauyi a baki, takwas ma haka, sai su ja miki lokaci, don haka ki fasa su ƙanana, ɗaya biyu ɗaya biyu ɗaya biyu uku, ko ki bar lambobi gaba ɗaya ki yi ta-ka ta-ka ta-ki-ta, bakwai kenan cif. Da Plant ya fara rera baiti sai a koma huɗu huɗu lafiya lau, can ƙarshe kuma su juya zuwa wani kiɗa mai rangaji da kowane bugu ya rabu uku.

Bambancinta da Kashmir da na yi wa ɗan'uwanmu na Zariya bayani a sama shi ne can gaɓar ba ta canzawa, mutum biyu ne ke tafiya da taku daban, nan kuwa dukkansu har mai ganga tare suke yanke gaɓar.

In kin gama da wannan ki nemi Four Sticks ta faifansu na huɗu, 1971, tana yawo tsakanin 5/8 da 6/8, kuma sunan ya samo asali ne daga yadda Bonham ya riƙe sanduna huɗu, biyu a kowane hannu, ya buga ta. Biyar ɗin ki fasa ta uku da biyu ko biyu da uku ki ji wacce ta fi zauna miki, in aka shiga shida za ki ji kamar an buɗe taga iska ta shigo. Black Dog kuwa, wadda John Paul Jones mai jitar bes ya ƙirƙiro zubinta, ki bar ta sai gaba, ko waɗanda suka daɗe a harkar gardama suke kan yadda za a rubuta ta. Ki rubuto min in 15 ɗin nan ta zauna a hannunki, ina so in ji kwana nawa ta ɗauke ki.