Tambayoyinku: Idan za a ba gidan tarihi aikin mai zane

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar zane-zanen fenti da allunan zayyana. Muna so mu ba gidan tarihi don kada su lalace a hannunmu. Ta ina za mu fara? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Malama. A fara da magada, domin kayan nan gado ne, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai karɓa ba sai duk masu haƙƙi sun sa hannu. Daga nan ku ɗauki hoton kowane aiki gaba da baya, ku auna tsawo da faɗi da santimita, ku rubuta shekarar da aka yi shi da irin fentin, da inda aka taɓa nuna shi. Wannan bayanin shi ne rabin darajar aikin. Tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ana iya bin sawunsu har gidajen tarihin Landan saboda suna ɗauke da alamarta kuma an rubuta asalinsu. Tukwane masu kyau da yawa na zamaninta sun ɓace cikin "ba a san wanda ya gina ba".

Ku tantance tun farko: kyauta ce ko aro? Kyauta ba ta dawowa. Aro kuwa sai a rubuta wa'adinsa, shekara biyu ko biyar, da wanda zai biya idan an samu ɓarna. Kada ku bar ƙofar gidan ba tare da takardar karɓa mai jerin kayan ba. Idan kwamitin karɓar kaya na gidan ya amince, kowane aiki zai samu lambar rajista, misali 2025.4.2, wato shekara, rukuni na huɗu da aka karɓa, abu na biyu a ciki. Ku nemi a rubuta muku lambobin.

Abu guda da iyalai ke mantawa: ba da zanen ba ya nufin ba da haƙƙin buga hotonsa. A dokar Nijeriya wannan haƙƙi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai zane, kuma ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Shawararmu ku ba gidan izinin buga hoton a kundinsa da shafinsa na intanet, ku riƙe na kasuwanci.

Tambaya: Ina kula da ƙaramin gidan tarihi. Kaya na ƙaruwa, amma fenti na tsagewa, fata na yin fumfuna, kuma ba mu da wutar da za ta riƙe na'urar sanyaya ɗaki. Mene ne mafita? (Wani ma'aikaci daga Katsina)

Amsa: Malam, matsalarka ba zafi ba ce, hawa da saukar danshi ne. Ana son danshin ma'aji ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A arewa, hunturu na saukar da shi ƙasa da 20, Agusta kuma ya haura 80. Katako da kyallen da ake zane a kansa suna kumbura su tsuke, fentin da ya bushe ba ya iya binsu, sai ya tsage ya fara ɓarewa. Ƙwarya ma haka take dārewa. Fumfuna tana kama fata da takarda idan danshi ya daɗe sama da 65 a ɗakin da iska ba ta yawo.

Na'urar da ake kunnawa da safe a kashe da yamma ta fi rashinta illa, domin kullum tana girgiza kayan. Gara ka zaɓi ɗaki na tsakiyar gini mai kaurin bango, ka toshe kafofin tagogi saboda ƙura, ka sayi ma'aunin danshi ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Ƙananan kaya su shiga akwati mai rufuwa ruf tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Komai ya tashi daga ƙasa aƙalla santimita 15 a kan kantar ƙarfe, kada kuma ya jingina da bango, ta nan gara ke hawowa.

Sabon kaya kada ya shiga ma'aji kai tsaye. A keɓe shi mako huɗu a kan farar takarda; in ka ga garin katako a ƙarƙashi, akwai ƙwaro. Tufafi da saƙa ana ɗaure su a leda biyu, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda ba yankewa, sannan a bar su kwana guda kafin a kwance ledar. Zanen fenti ba ya shiga firiza. Allon zayyana kuwa kada a kusance shi da jiƙaƙƙen tsumma, tawadarsa da ƙaro aka haɗa ta, ruwa na wanke ta nan take. Burushi mai laushi ya isa. Lamba a bayan takarda da fensir ake rubuta ta, a kan tufa kuma a ɗinka ɗan kyalle mai lambar. Biro da salatif ba su da wuri a ma'aji.

Tambaya: Na ba da zanena na takarda, ya yi wata uku a bango aka cire. An raina shi ne? (Wani mai zane daga Jos)

Amsa: A'a, Malam, an kula da shi ne. Haske na cinye launin takarda da yadi, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa ake nuna su a haske mara ƙarfi, kimanin luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), na 'yan watanni, sannan su huta a duhu. Zanen fentin mai yana jure har luks 200, don haka ya fi daɗewa a bango. Kana iya rubuta wa shugaban gidan ka ambaci lambar rajistar zanenka, a sa maka ranar da za ka gan shi a ma'aji.