Dajin bututun maɗaciya: ana haɗa kemo da zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likitoci. Mahaifinmu ya daɗe da shawara, fitsarinsa kamar shayi, ga ƙaiƙayi. An yi hoto, aka ce dajin bututun maɗaciya ne, kuma ya wuce tiyata. Mun ji a ƙasashen waje ana haɗa kemo da zafi. Mu nemi wannan, ko mu riƙa yi masa surace? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Surace da gashin jiki da abu mai zafi ku bar su. Zafinsu a fata yake tsayawa, hanta kuwa tana can ciki. Ƙuna da ƙarancin ruwan jiki kawai za su jawo masa.

Na asibiti daban ne. Na'ura ce ke tura igiyoyin rediyo su ɗumama wurin ƙarin tsakanin digiri 40 da 43, kimanin awa ɗaya, dab da lokacin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya. Zafin yana ƙara gudun jini a wurin, magani ya fi ratsawa, ƙwayoyin dajin kuma su kasa gyara ɓarnar da aka yi musu. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a wannan ciwon ƙanana ne, shi ya sa bai shiga tsayayyen magani ba. Yana iya ƙona kitsen ƙarƙashin fata, kuma mai ƙarfe a wurin ko na'urar bugun zuciya galibi ba a yi masa. Kada ku sayar da kadara saboda shi.

Abin da ke gabanku shi ne buɗe hanyar da ta toshe. Ana zura siririn bututu ta baki ko ta fatar gefen ciki, ruwan maɗaciya ya samu mafita. Sai shawarar ta sauka ake fara kemo, don hantar da ta cushe ba ta iya sarrafa magani. Bututun roba yakan toshe cikin wata uku, na ƙarfe ya fi daɗewa.

Kemon kuwa gemcitabine ne miligiram 1,000 da cisplatin miligiram 25 ga kowace murabba'in mita ta jiki, rana ta 1 da ta 8, a maimaita duk kwana 21 har zagaye 8. A gwajin Birtaniya na 2010, matsakaicin rayuwa ya kai wata 11.7, maimakon 8.1 da gemcitabine kaɗai. Tun 2022 ana ƙara durvalumab, maganin da ke taimaka wa garkuwar jiki yaƙar dajin, idan da hali. Gaskiya duk wannan maganin ba ya warkarwa, amma yana rage gudun ciwon.

Cisplatin yana taɓa ƙoda, don haka kada a tsallake ƙarin ruwa da gwajin jini kafin kowane zagaye. Zazzaɓin digiri 38 da rawar sanyi, ko idanu su sake yin ɗorawa, alamar bututu ya toshe ko cuta ta shiga jini ce. Ku kai shi asibiti ko tsakar dare ne. Ku nemi takardar turawa zuwa sashen daji na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ku tafi da duk hotunansa.