Cike fom ɗin rajistar zaɓe ta intanet ya wadatar?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fom ɗin da ka cike a wayarka ya wadatar. Bai wadatar ba. Tun 2021 hukumar zaɓe ta Najeriya, INEC, ta buɗe wannan hanya domin rage cunkoso, amma rajista ba ta kammaluwa sai ka je ofishinta na ƙaramar hukumarku an ɗauki hotonka da zanen yatsunka, waɗanda na'urar BVAS ke tantancewa ranar zaɓe.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sake rajista saboda sun sauya unguwa ko katinsu ya ɓace, alhali laifi ne a doka. Sauyin rumfa ko sake kati ake nema. Kada ka biya kowa ko sisi. Idan sunanka ya fito da kuskure, tuntuɓi jami'in zaɓe na ofishin.