Tambaya da Amsa: Ina sayar da abaya a Instagram, ta ina zan riƙa karɓar kuɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni a Makka nake, wajen Shari' Mansur, ina sayar da abaya da turaren wuta da humra a Instagram da Snapchat. Wlh harkar biyan kuɗi ta ishe ni, wata sai ta ce za ta biya idan kaya sun iso, mandub, wato mai kai kaya, ya ɗauka har Jidda ya yi ta kira waya a kashe, kaya su dawo min kuma ni zan biya kuɗin kaiwa. Watan jiya wata ta turo hoton tahawil, wato tura kuɗi ta banki, na riyal 450 ta ce bankinta daban ne sai gobe zai shigo, na saki kaya, har yau shiru. Ga masu tambaya kullum wai akwai Tabby ko Tamara, kamfanonin nan na biya kashi-kashi, ni kuma ban san ta inda ake farawa ba. Don Allah a ba ni shawara. Ƙanwarki daga Makka.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya mayar miki da alheri. Wannan ta riyal 450 kam ta ci, amma kada a kuma. Tun 2021 da babban bankin Saudiyya, SAMA, ya kawo tsarin sarie, tahawil daga banki zuwa wani banki in bai wuce riyal 20,000 ba nan take yake shiga, ko daren Juma'a ne, to zancen "sai gobe" ki ji shi kawai. Hoto ba kuɗi ba ne, sai kin buɗe asusunki kin gani da idonki sannan mandub ya tashi.

Sai dai kafin mu zo kan Tabby akwai abin da ba ki faɗa min ba, kuma shi ne gaba da komai: 'yar ƙasa ce ke ko igama, wato takardar zaman baƙo, gare ki? Don duk kamfanonin nan ba sa buɗe wa mutum asusun kasuwanci haka kawai, sai sun ga sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ko takardar amal hurr ta masu sana'ar kansu, da asusun banki mai sunan da ya dace da takardar, ita kuma amal hurr asali don 'yan ƙasa aka yi ta. In igama ce, don girman Allah kada ki yarda wata ƙawa ta ce "yi da sunana kawai", wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma da mai sunan da mai kayan duk ana haɗawa. Mutanenmu suna ɗaukar abin da wasa saboda zumunci, alhali kuɗin da ya bi ta waya sawunsa ba ya ɓacewa. Ki fara zuwa ki tambayi halastacciyar hanya.

In takardu sun cika, ki fara da mada, wato katin banki na cikin gida na Saudiyya, don kusan duk mai asusun banki a ƙasar nan da katin a jakarsa, kuma kason da ake cire miki a kansa ya fi na Visa da Mastercard sauƙi. Ki haɗa da Apple Pay, wanda ya shigo Saudiyya a 2019, 'yan matan yanzu ba su da haƙurin rubuta lambar kati, fuska kawai suke nuna wa waya su wuce. Kamfanoni irin su Moyasar, HyperPay, PayTabs da Tap aikinsu kenan, su tsaya tsakaninki da bankin mai saye, wasunsu ma ba sai kina da shafi ba, mahaɗin biya za ki tura mata ta WhatsApp ta danna ta biya ke kuma saƙo ya shigo miki daga kamfanin, babu zancen hoto. In kuma kina son shagon intanet sosai ga Zid ga Salla, ita Salla ma 'yar garinku ce a Makka aka kafa ta, kuma ba sallar layya ba ce, kwando ake nufi da Larabci.

To Tabby da Tamara. Mai saye ta raba kuɗin, a Tabby kashi 4 ba ruwa a kai, ke kuma kamfanin ya ba ki kuɗinki a dunƙule bayan ya cire nasa, in ta ƙi biya daga baya tsakaninta da su ne ba ruwanki. Daɗin kenan, kuma gaskiya suna jawo ciniki, wadda ta zo sayen abaya ɗaya sai ki ga ta ɗauki biyu. Amma kasonsu ya fi na mada nesa ba kusa ba, to ki zauna da biro da takarda, in abayar riyal 300 ribarki a kai 40 ce kacal, ki cire nasu ki cire na mandub ki ga me ya rage. Ni dai a humrar riyal 30 ban ga amfaninsu ba, a manyan kaya ne suke da rana. Ki tambaye su kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya sauka a asusunki, da kuma in an dawo da kaya wa ke asarar kason, don dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ta fasa in ba ta yi amfani da kayan ba.

Masu "sai kaya sun iso" kuwa kada ki kore su duka, akwai dattawan da har yau ba su yarda da waya ba. Ki karɓi kafin alƙalami ko da kuɗin mandub ne zuwa da dawowa, wadda ta ƙi ba da wannan ki bar mata kayan a hoto.