Tambaya da Amsa: Tsofaffin Tukwanen Iska na Masu Nutso

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar tukunyar iska ta ƙarfe irin ta masu nutso. A wuyanta an buga ICC 3AA 2250, sai wasu lambobi a ƙasa, ɗaya da alamar tarawa (+) a gefenta. Mai sayarwa ya ce 72 ce. Me rubutun ke nufi, kuma iska nawa zan ɗura mata?

Amsa: Ɗan'uwa, ka samu tukunyar da masu tara tsofaffin kayan nutso suke yawan nema. ICC hukumar Amurka ce da ke kula da irin waɗannan tukwane kafin aikin ya koma hannun ma'aikatar sufuri da aka kafa a 1967, shi ya sa na baya suke ɗauke da DOT. 3AA na nufin ƙarfe ne mai gaurayen kuromiyom da molibdenom, wanda ya fi na 3A ƙwari. Ita kuwa 2250 matsin aikinta ne a ma'aunin psi, kusan bar 155, idan iskar ta huce zuwa digiri 21 a ma'aunin Salshiyos. Lambobin ƙasa wata da shekarar kowane gwajin matsin ruwa da aka yi mata ne. Mafi tsufa a cikinsu shi ne lokacin da aka ƙera ta.

Sunan 72 ɗin ne ke ruɗar mutane, domin kimanin yawan iskar da take ɗauka ne a ma'aunin kubik-fit. Tukunyar ba ta ɗaukar kubik-fit 71.2 sai an ƙara mata kashi 10 cikin ɗari, wato 2475, kuma alamar tarawar ce kaɗai ke ba da izinin wannan ƙarin. A kan 2250 abin da ke ciki kusan 65 ne. Sannan alamar ba ta dindindin ba ce. Sai wadda ke gefen kwanan gwaji na ƙarshe ke aiki. In gwajin 1968 ne ke da ita, na ƙarshe babu, to 2250 ne iyakarka. Za ka ji masu cewa sun daɗe suna kai ta 3000 kamar ta alminiyom ba abin da ya faru. Kada ka bi su. Bangon tukunyar da ta haura shekara hamsin babu wanda ya san kaurinsa da ido.

Tambaya: Na kai tawa gwajin matsin ruwa ta faɗi, alhali cikinta fes yake. Yaya aka yi?

Amsa: A Amurka ana wannan gwaji duk shekara 5. Ana cika tukunyar da ruwa, a saka ta cikin wata rijiyar ƙarfe mai ruwa, a matsa ta zuwa biyar bisa uku na matsin aikinta, wato 3750 ga mai 2250. Sai a auna yadda ta kumbura da yadda ta koma. In kumburin da bai koma ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari na jimillar kumburin, ta faɗi, a buge lambobin wuyanta, an gama da ita.

Tukwanen da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya suna da wani hali. Ba su cika zama da'ira sosai ba, don haka matsin farko yana gyara musu siffa, ma'auni kuma ya karanta wannan gyaruwar a matsayin lalacewa. Kamfanin PST, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera su, ya ba da umarnin a fara matsa irin wannan tukunya zuwa ƙasa da kashi 90 cikin ɗari na matsin gwaji, a sake ta, sannan a yi gwajin gaskiya. Tukwane masu lafiya da yawa sun tafi a banza saboda mai gwaji bai san da wannan ba. Kafin ka miƙa wata, tambaye shi ko yana yin wannan matakin. Ka kuma faɗa masa tun farko in kana son alamar tarawa, domin sai ya gwada kumburin da wata lamba da ake kira REE, wato iyakar kumburin da aka yarda tukunyar ta yi, kuma tsofaffi da yawa ba a buga musu ita a wuya ba.

Tambaya: Zan iya cire tsohon bawul in sa na zamani?

Amsa: Za ka iya, amma duba tiredin wuyan tukunyar tukuna. Na farko-farko suna da ƙaramin baki mai rabin inci wanda ke tsukewa yana shiga, ana naɗa masa farin tef. Na baya suna da 3/4 NPSM miƙaƙƙe mai zoben roba. Bawul ɗin Turai mai M25x2 yana shiga wuyan 3/4 kamar ya zauna, amma haƙoran ba su kama juna sosai ba, kuma yana iya fizgewa a lokacin ɗuri. An yi asarar rayuka ta wannan hanya.

Na biyu shi ne faifan kariya, ɗan siririn tagullar da ke fashewa ya saki iska in matsi ya yi yawa. Bawul ɗin tukunyar alminiyom mai 3000 yana zuwa da faifan da ke jure har kusan 5000, wanda ya wuce matsin gwajin taka. A canza shi da wanda ya dace da 2250. Tsohon bawul ɗin J, mai riƙe ragowar iska kusan psi 300 har sai an ja sandarsa, ka adana shi ko ka cire. Masu amfani da tsohon regileta mai tiyo biyu, wato na'urar shaƙar iska daga tukunyar, suna nemansa, kuma yana ƙara wa tukunyar daraja.

Tambaya: Me zan duba kafin in saya ko in yi musaya?

Amsa: Kada ka biya sai an cire bawul an haska ciki da fitila. Jan ƙurar tsatsa a sama-sama ba komai ba ce, ana zuba tsakuwar gogewa a juya tukunyar a inji ta fita. Abin gudu shi ne ramuka masu zurfi, musamman waɗanda suka jeru a layi inda ruwa ya kwanta lokacin da aka ajiye ta a kwance. In ka girgiza ta ka ji motsin ruwa ko ɓarɓashi, ka san akwai aiki. Wasu an shafe cikinsu da wani rufi mai kama da roba, tsatsa na ci a ƙarƙashinsa ba a gani, kuma masu duba da yawa ba sa amincewa da ita sai an kankare shi. Haka rigar roba ta waje da takalmin gindi: zare su ka gani, nan ruwan gishiri ke maƙalewa.

Tukunyar da aka yi wa sabon fenti mai sheƙi ta fi mai tabo ban tsoro, domin fenti na ɓoye ramuka. Wadda ta sha gobara ko aka goge lambobin wuyanta, ta ado ce kawai, a huda ta don kada wani ya ɗura. A kula da masu matsin aiki 1800 ma, sun yi kama da sauran, sai an karanta wuya ake bambancewa. Wadda ta tsallake duk wannan, ka ajiye ta a tsaye a busasshen wuri da ɗan matsi kamar psi 300 a ciki don kada danshi ya shiga, kuma a buɗe ta a duba duk shekara.