Kar ka taɓa jarin shago don sayen manhaja, wayarka ta isa

Wani ƙanenmu mai saida shadda da atamfa nan babbar kasuwar Maradi ya aiko min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam barka da war haka. Ina so in fara shirin hira na bidiyo irin fodkas ɗin nan, in riƙa zama da 'yan kasuwa muna zancen saye da sayarwa in sa a YouTube da Facebook. Na ware jikka 200. Wani abokina ya ce sai na sayi ordinata kuma na biya Premiere Pro. Da mi zan ɗauka, da mi zan yi montaj?"

To ƙanena Allah shi sa albarka, niyya ta yi kyau, amma jikka 200 ɗin nan fa jari ce, kai ka fi ni sanin turmi nawa za ta sawo maka. Premiere ɗin da abokinka ke faɗi, manhajar montaj wato yanka da haɗa bidiyo, ba saye ake ba, haya ce, kowane wata sai ka ba kamfanin Adobe sama da dalar Amurka 20 kuma da katin banki irin Visa, ko ka yi shiri ko ba ka yi ba kuɗɗin na fita, kamar ka kama hayar shago ne ba ka zuba kaya ba. Mutumin da bai fitar da shiri ko ɗaya ba mi ya kai shi nan?

Ɗauka dai da wayar hannunka za ka yi. Ka kwantar da ita bisa ƙafar ɗora waya, ka sa ingancin hoto a 1080p, ka rabu da 4K don ba abin da zai ƙara maka sai cika waya, ko a 1080 ɗin ma minti guda na cin wajen mega 100, hirar rabin awa ka ga ta kai giga 3 ke nan. Ka sa ta mod abiyo, wanda ke hana kira shigowa, kafin ku fara, in ba haka ba ana tsakar magana mai daɗi wani kiliya zai kira yana tambayar kuɗin gezna ya tsinke komi. Sannan zafin garin nan, watan Afrilu da Mayu waya na ɗaukar zafi ta tsaya da kanta, don haka cire mata riga, kar rana ta taɓa ta, kuma ka riƙa tsayawa duk bayan minti 15 ka sake dannawa, in guda ya lalace ba duka ka yi asara ba.

Inda nike so ka kashe kuɗɗi shi ne sauti. Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma wallahi ba mai tsayawa yana sauraren ƙarar kabu-kabu da gurup ɗin maƙwabci. Sayi ƙaramin mikro na maƙalawa ga wuyan riga, guda biyu, naka da na baƙo, akwai mai igiya irin Boya BY-M1 da igiyarshi ta kai mita 6, akwai kuma marasa igiya, ko wane ka zaɓa ka gwada shi da wayarka nan gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗɗi. In kamarar wayar ta ƙi jin mikron, sauke Open Camera, kyauta ce ga Android kuma tana bari ka zaɓi mikron waje. Kuma kana da wata sa'a da ba ka sani ba: shagon da ke cike da tufafi baya amsa kuwwa, turamen nan da ke jere har sama suna shanye amo, ga su kuma sun zame maka talla bayanka. Ka shigo da sassafe kafin kasuwa ta cika, ka kashe fanka, ku daure ma zufa.

Montaj kuwa CapCut ta ishe ka, ta kamfanin da ke da TikTok ce, yanke shiru da tari da "to, to" ɗin nan, ɗaga murya, sa sunan shago da lamba ƙasa, iyakar aikin ke nan. Sai dai ka lura, duk abin da ka ga an rubuta mishi Pro kar ka taɓa, sai ka gama wahala ka zo fitarwa sannan ta ce biya. In ta dame ka akwai wata manhajar montaj mai suna VN. KineMaster ta kyauta tana manna tambarinta bisa bidiyo, ni ban so. Rubutun magana a ƙasa kuma da hannu za ka yi na Hausa, kar ka dogara da na atomatik.

Yara masu tura aplikasiyo za su ce akwai wadda aka fasa, Pro kyauta. Kar ka yarda. Wayar da WhatsApp ɗin kiliyoyinka da harkar tura kuɗɗinka ke ciki ba wurin gwajin abin da ba ka san wa ya haɗa ba ne.

In baƙon yana nesa, Kano ko Kwatano, Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa kuma in rezo ya yi rauni hoton ya tafi. Riverside ya fi, don yana ɗauka cikin na'urar kowa sannan ya tura daga baya, amma fa yana shan forfe, ka bar wanga sai gaba.

Ordinata sai ka fitar da shiri goma ka ga har yanzu kana da zuciyar abin. Lokacin ma ba sai ka biya manhaja ba, OBS Studio na ɗauka, Audacity na wanke sauti, DaVinci Resolve na montaj irin na ƙwararru, duka kyauta. Sai dai DaVinci na son inji mai ƙarfi, RAM giga 16, in ɗan kwantai ka samu mai rauni to Shotcut ko Kdenlive. Kuma mai batir za ka saya, ka san yadda kuran ke yi muna.

Batun riba, kar ka sa rai ga YouTube yanzu, kafin su fara raba kuɗɗin talla sai kana da mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12. Kuɗɗinka na wurin hajiyar da za ta ga guntun bidiyo a status ta kira ta ce a kawo mata turmi biyar. Don haka kowane shiri ka yanko gajeru uku ko huɗu a tsaye, ka watsa, duk sabon kiliya ka tambaye shi ina ya gan ka, ka rubuta cikin littafi daban tare da abin da ka kashe na forfe da shayin baƙi.

Yanzu dai mikro biyu, ƙafar waya, pawabank, katin memori, sai forfe na wata. Sauran ka maida cikin kaya, in wata uku ya cika ka turo min littafin mu duba tare.